Tikiti a ƙofar coci: wa ya ba mai gadi ikon auna zuciya?

Tun watan Oktoban 2024, lokacin da ministar al'adun Faransa ta wancan lokaci, Rachida Dati, ta fito ta ce a riƙa karɓar Yuro 5 daga duk mai yawon buɗe ido da zai shiga cocin Notre-Dame na birnin Paris, wannan magana ta ƙi mutuwa. Hukumar cocin ta yi watsi da ita nan take, an kuma sake buɗe ginin a watan Disamba, bayan gyaran ɓarnar gobarar 2019, ba tare da an sa ko kwabo a ƙofa ba. Amma har yau sai ka ji wani ya taso da ita, yana cewa ai dabara ce mai kyau da malaman coci suka ƙi don taurin kai. Wannan shi ne abin da ya ishe ni.

Lissafin ministar mai sauƙi ne: Yuro 5 a kan kowane kai, Yuro miliyan 75 a shekara, a gyara tsofaffin majami'un ƙasar da ke zubewa. Masu ibada kuwa, in ji ta, ba za su biya ba. A nan gizo ke saƙar. Wa zai tsaya a bakin ƙofa ya raba mai ibada da mai kallo, kuma da wane ma'auni?

Ka dubi layin da ke gaban kowane babban coci da ake ziyarta. Ga wata dattijuwa da jaka a baya, waya a hannu tana ɗaukar hoton ƙofa, carbinta na cikin aljihu ba wanda ya gani. Ta shiga, ta ɗaga kai tana kallon gilasan tagogi kamar kowa, sannan ta sayi kyandir, ta kunna, ta durƙusa a wani lungu tana kiran sunan ɗanta da ke kwance a asibiti. A wane layi za ka sa ta? Ga kuma wani da gicciye rataye a wuya, wanda abin da ya kawo shi kawai hoton da zai ɗora a Instagram. Mai sayar da tikiti zai bar na biyun ya wuce, ya tare ta farkon. Ko kuwa tambayarsu zai yi, "Ibada kika zo yi ko kallo?", har mutum ya fara shiga ɗakin Allah da ƙarya a bakinsa don ya tsira da Yuro 5.

Ita kanta Notre-Dame tana da amsar wannan a tarihinta. Ranar Kirsimeti ta 1886 wani saurayi ɗan shekara 18 da ya riga ya watsar da addini, Paul Claudel, wanda daga baya ya zama shahararren marubuci, ya shiga cocin don kallo kawai, yana neman abin da zai yi rubutu a kai. Yana tsaye kusa da wani ginshiƙi, mawaƙa na rera waƙar yamma, sai imani ya shige shi, ya kuma rayu a kansa har mutuwarsa. A tsarin Dati, ɗan yawon buɗe ido ne ya shiga ranar. Da yawan masu ziyarar ibada haka suke, ba su san su masu ziyara ba ne sai bayan sun iso.

Ba sai mun yi hasashen yadda abin zai kasance ba, domin an riga an gwada a Roma. A watan Yulin 2023 gwamnatin Italiya ta sa Yuro 5 a ƙofar Pantheon, tsohon ginin nan na zamanin Romawa, wanda mutane ke mantawa cewa coci ne tun ƙarni na 7. Kashi 70 na kuɗin na ma'aikatar al'adu, kashi 30 na hukumar cocin Roma. An ce mai zuwa Misa, wato babban taron ibadar Katolika, ba ya biya. Madalla. To wanda ya iso ranar Talata da rana, babu Misa, yana so ya zauna minti goma ya yi addu'a fa? Ya sayi tikiti. Ma'ana, ibada ta zama abin da ke da jadawali, sauran lokacin kuma ginin gidan tarihi ne. Ziyarar ibada ba ta taɓa tafiya a kan jadawali irin wannan ba. Mai tattaki daga nesa yakan iso ne lokacin da ƙafarsa ta kawo shi.

Za a ce gine-ginen nan na cin kuɗi, kuma wasu manyan majami'u a Sifaniya da Italiya sun daɗe suna karɓar kuɗin shiga. Gaskiya ne, kuma yawan masu yin kuskure bai taɓa mayar da shi daidai ba. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne wanda ke kukan rashin kuɗin. Bisa dokar 1905 da ta raba addini da mulki a Faransa, Notre-Dame mallakar gwamnati ce, tsofaffin majami'un garuruwa kuma na ƙananan hukumomi ne. Mai gida ne ya bar rufinsa yana yoyo shekara da shekaru, yanzu yana so baƙo ya biya. Kuma bayan gobarar 15 ga Afrilun 2019, jama'a daga ƙasashe da dama sun tara sama da Yuro miliyan 800 don sake gina cocin, ba wanda ya tsare su a ƙofa. Mutanen da suka bayar da hannu sake ne ake so a ce wa su nuna tikiti.

A duba wuraren da ziyara ke da rai har yanzu. A Lourdes ta ƙasar Faransa, inda Bernadette Soubirous ta ce ta ga Budurwa Maryamu a 1858, shiga kyauta ne, ruwan ma kyauta, kuma marasa lafiya a kan keken guragu ne ke gaba a jerin gwano. A Fatima ta ƙasar Portugal za ka ga mutane suna rarrafe da gwiwa a kan doguwar hanyar da ke tsakiyar fili. A Namugongo ta Yuganda, duk 3 ga Yuni, ranar tunawa da shahidan Kiristocin ƙasar, mutane na isowa da ƙafa daga Kenya da Tanzaniya da Kwango bayan tafiyar makonni, ƙafafu a kumbure. Cocin Saint Peter da ke Vatican, duk da miliyoyin da suka ratsa Ƙofa Mai Tsarki, ƙofarsa da ake buɗewa a shekarar ziyara ta musamman da ake kira Jubili, a 2025, bai sa kuɗin shiga ba. Yuro 5 ba komai ba ne ga wanda ya sauka daga jirgi ya kama otal. Ga iyali mai mutum shida da suka tara kuɗin mota da ƙyar, Yuro 30 ne, kuma su ne za su tsaya a waje.

In kuɗi ake nema, ga hasumiyar Notre-Dame da ɗakin ajiyar kayan tarihinta, da ma ana biya kafin a shiga. Ga otal-otal da kamfanonin da ke sauke motoci cike da baƙi kowace safiya, suna cin ribar ginin da ba su sa masa ko dutse ɗaya ba. Gwamnati ta san hanyar aljihunsu sarai. Ta je can ta karɓa, ta kuma buɗe nata baitulmalin, tunda ginin nata ne.