Ranar da na kori littafi guda daga Littafi Mai Tsarki

Ku da kuka san ni kun san ba ni na nemi wannan aikin ba. Fasto ne ya ce kowace unguwa ta fara nazarin Littafi Mai Tsarki a gida ran Laraba da yamma, aka duba aka ga a Tudun Wada falona ne ke ɗaukar mutum goma in an jingine tebur da bango, shi ke nan na zama shugaba. Madam ta dama kunun gyaɗa ta soya ƙosai saboda sanyin Jos ɗin nan, na aro kujerun roba shida, na kwana biyu ina shiri a kan Ayyukan Manzanni sura 2, har da tambayoyi biyar a bayan takardar kalanda.

Mutum tara suka zo. Mun yi korus biyu, an yi addu'ar buɗewa, na gyara zama ke nan sai Baba Soja ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ɗana, kafin ka fara, tunda yau ce rana ta fari, a buɗe mana Kubawar Shari'a sura 6 aya 7."

Na ce to Baba, na ɗauko waya. Farawa, Fitowa, Littafin Firistoci, Littafin Ƙidaya, Maimaitawar Shari'a, Joshuwa... babu wata Kubawa. Na gangara har Malakai na dawo sama. Na leƙa Sabon Alkawari ko ta ɓuya a bayan Filimon. Babu. To jama'a me zai hana in ce Baba ban gane ba, a taimake ni? Ina! Shugabancin minti goma ya riga ya hau mini kai. Na kife wayar a cinya, na yi gyaran murya, na yi irin murmushin nan na masu tauhidi, na ce, "Baba, ba raini ba, littattafai 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo, kuma babu mai suna Kubawar Shari'a a cikinsu." Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai da na juya na kalli kowa na ƙara da cewa, "Kun ga amfanin wannan nazarin ke nan, domin mu daina ɗaukar duk abin da muka ji a bakin mutane."

Aka ce Amin. Da ƙarfi. Zan dawo kan mai Amin ɗin.

Baba bai ce uffan ba. Ya sunkuya ya jawo leda daga ƙarƙashin kujera, cikin ledar akwai tsumma, cikin tsumman akwai Littafi baƙi an ɗaure shi da roba, bangonsa ya ci duniya. Ya kwance robar a hankali kamar mai kwance rauni, ya sa tabarau, ya lashi yatsa, shafi ɗaya, shafi biyu, falo tsit sai cokalin Madam da ya tsaya cak a cikin kunu. Ya samu wurin, amma bai ba ni ba, 'yata ya kira, 'yar aji huɗu, ya ce, "Jikata, karanta wa babanki abin da ke saman nan." Yarinyar nan da nake biya wa kuɗin makaranta ta buɗe murya kamar ranar wasan Kirsimeti, "Ku-ba-war Sha-ri-'a." Ya ce ta ƙara. Ta ƙara. Sannan ta karanta ayar, ashe ma a kan koya wa 'ya'yanka maganar Allah ne sa'ad da kake zaune a gidanka, ga shi a gidana 'yata ce ke koya mini.

Baba ya ce, "Wannan fassarar tun 1932 take, aikin su Likita Mila na Zariya, da ita na koyi karatu. Abin da wayarka ke kira Maimaitawar Shari'a ke nan. Akwai Misalai, akwai Mai-Wa'azi, akwai Ru'ya ta Yohanna, ko su ma ka kore su?" Na ce a'a Baba, suna nan. Ni da gumi, a watan Disamba, a Jos.

Yanzu mai Amin. Tela ne, kun san shi, ba sai na faɗi wanne ba. Mutumin da ya ce Amin har da ɗaga hannu, shi ne bayan addu'ar rufewa ya je yana riƙe wa Baba leda yana cewa ai shi tun yana yaro a Sande Sukul ya san Kubawar Shari'a, mamaki ya hana shi magana. Mamaki bai hana shi ƙosai ba dai, bakwai na ƙirga kafin in daina don kada in yi zunubi a kan zunubi. Da zai tafi ya ce a zuba masa ragowar kunu wa yara, aka ba shi a fulas ɗin Madam na biki, wannan kuwa mutumin da wandona ke shagonsa tun Ista, ƙafa kawai za a rage.

Tambayoyina biyar ko ɗaya ba mu taɓa ba. Laraba mai zuwa littafin Yahaya za mu duba, na riga na rubuta Yohanna, sunansa a tsohuwar fassara, a tafin hannu, Baba ya ce zai zo da wuri. In wani ya bi ta shagon tela don Allah ya yi masa maganar fulas, jan nan mai murfin azurfa.