Lambar LDH ba za ta hana ƙoda tsayawa ba

Abin da ake yayi yanzu a mujallun likitanci ya fara isa ta. Kusan kullum sai an fito da wata sabuwar maƙala da ke cewa an gano sinadarin jini da zai nuna majinyacin da gaɓoɓinsa za su gaza bayan tiyata. Yau a raba lambar LDH (sinadarin da ke hauhawa a jini idan ƙwayoyin jiki sun lalace) da ta albumin (furotin ɗin jini), gobe a haɗa AST (sinadarin gwajin hanta) da wani abu. Da dama daga cikinsu an tatso su ne daga rumbun bayanai guda, MIMIC, na asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston a Amurka, a kan kwamfuta, ba tare da mai binciken ya tsaya a gefen gado ko ɗaya ba.

Ba sabon abu ba ne. Tun 1974 likitan tiyata John Ranson ya sa LDH sama da 350 da AST sama da 250 cikin alamomin tsananin kumburin fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi. Amma shi ya jera su ne tare da shekarun mutum, sukarin jini da adadin fararen ƙwayoyin jini. Bai ce su kaɗai ne za su yanke hukunci ba.

LDH da AST suna zaune ne a cikin ƙwayoyin jiki, sai ƙwaya ta fashe suke malalowa cikin jini. Kenan kafin lambar ta hau, ɓarnar ta riga ta auku, ihu ne bayan hari. Kuma LDH ba ya faɗin inda aka yi ɓarnar, domin akwai shi a hanta, zuciya, tsoka, huhu da jajayen ƙwayoyin jini. Wanda aka tsaga wa ciki jiya, CK ɗinsa, wani sinadarin da ke cikin tsoka, zai tashi don wuƙa ta ratsa tsoka. Mai sikila ko mai zazzaɓin cizon sauro LDH ɗinsa a sama yake tun kafin a kai shi ɗakin tiyata, kuma mu nan irin waɗannan majinyata ne suka cika mana gadaje. Kai, ko jinin da aka ja da ƙarfi ta siririyar allura ya isa ya ɓata sakamakon.

Masu kare abin za su ce gwajin na da araha. Arahar da dangi za su biya sau uku kafin sakamako ya iso da yamma ba araha ba ce.

Binciken tiyata na Afirka da mujallar Lancet ta buga a 2018 ya bi majinyata 11,422 a ƙasashe 25. Ya gano cewa haɗarin mutuwarsu ya ninka na matsakaicin duniya, alhali sun fi ƙuruciya, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mace-macen sun faru ne bayan ranar aikin. A ɗakin kwanciya ake mutuwa, da dare, lokacin da nas ɗaya ke riƙe da dogon layin gadaje. Jakar fitsari da ta yi awa shida ba ta taru ba, numfashin da ya fara sauri, majinyacin da ya daina gane matarsa, waɗannan suna magana kafin na'ura ta buga takarda.

Ban ce a jefar da gwajin ba. CK da ya haura 5,000 bayan mota ta danne mutum gargaɗi ne na gaske game da ƙoda. Amma duk shugaban asibitin da yake da kuɗin sayen sabuwar na'urar gwaji, ya fara ɗaukar ma'aikatan jinya na dare, ya kuma tabbatar akwai likitan da zai amsa kira da ƙarfe uku.