Ajali na Allah Ne, Sanadi Kuwa Yana da Mai Shi

A zuwana gida na ƙarshe, muna zaune bayan sallar la'asar a ƙofar gidanmu da ke Tudun Wadan Zariya, Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, wai da gaske ne a ƙasar da kake zaune mutum yakan biya kuɗinsa a kai shi ƙololuwar dutse, ya ɗaura katako a ƙafa ya zamo a kan ƙanƙara, har wata rana a kwaso gawarsa?" Na ce, "Da gaske ne, Kawu." Ya girgiza kai ya ce wannan ganganci ne irin na wanda ya ƙoshi. Ban musa masa ba, domin ba a ja da babba a gaban jama'a, amma maganar ta bi ni har Ostiriya, inda na shekara takwas ina aiki a wani ƙaramin gari na jihar Tirol wanda abincinsa ya dogara kacokan ga masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Abin da na riƙe a raina ban faɗa ba shi ne, hawa acaɓar da na yi a ranar daga Kwangila zuwa PZ, ba hular kwano a kaina ko a kan mai tuƙin, ya fi duk wani dutse da na taɓa hawa a Turai razana ni.

Kawu bai yi kuskure ba game da mutuwar. Babu lokacin sanyin da zai wuce a tsaunukan Alps ba a rasa rayuka ba: wani ya yi karo da ɗan'uwansa a guje, wani ya kauce hanya ya daki bishiya, wani kuma dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne shi. Michael Schumacher, zakaran tseren motoci na duniya har sau bakwai, a wurin zamiya na Méribel a Faransa kansa ya bugi dutse a ƙarshen Disamban 2013, yana sanye da hular kwano, kuma tun daga ranar bai sake fitowa bainar jama'a ba. Amma masifar da mutanen Ostiriya ba sa mantawa ita ce ta Kaprun, ranar 11 ga Nuwamban 2000. Wani ƙaramin jirgin ƙasa da igiya ke ja zuwa saman dutse ya kama da wuta a cikin ramin da aka huda masa, mai tsawon fiye da kilomita 3, mutum 155 suka rasu. Wutar ta tashi ne daga wata na'urar ɗumama ɗaki irin ta gida, wadda ba a ƙera ta don abin hawa ba, aka kafa ta dab da bututun mai. Ramin ya zama kamar bututun hayaƙi, duk waɗanda suka gudu sama hayaƙin ya cim musu. Mutum 12 kaɗai suka tsira, su ne waɗanda suka yi ƙarfin hali suka ratsa gefen wutar suka gangara ƙasa.

Ba na cikin masu zaman waje da suke ɗaukar Turawa tamkar mala'iku, domin son kuɗi yana kisa a nan kamar yadda yake kisa a gida. A watan Mayun 2021, a dutsen Mottarone na Italiya, igiyar da ke jan wata motar sama, irin mai rataye a waya da ke kai mutane saman dutse, ta tsinke, motar ta koma baya a guje ta faɗi, mutum 14 suka mutu, yaro ɗaya ɗan shekara biyar ya rayu. Motar tana da birkin gaggawa da aka yi shi don irin wannan rana, amma da gangan aka sa masa ƙarfe aka ɗaure shi, saboda yana yawan kamawa yana tsayar da aiki, su kuwa ba sa son ciniki ya tsaya bayan dogon kullen korona. Da na karanta labarin, direbobinmu na tasha na tuna, waɗanda suka san birkinsu yana wasa kuma tayarsu ta suɗe, amma su ce bari a lallaɓa a yi sawu ɗaya zuwa Kano tukuna. Ko shari'ar Kaprun ba ta share hawayen kowa ba, domin a 2004 kotu ta sallami dukkan mutum 16 da aka gurfanar, kuma har yau akwai iyalan da suke jin an zalunce su.

Bambancin yana wani wuri dabam. A nan, idan rai ya salwanta, ba a rufe maganar sai an san sanadi, an rubuta shi, an kuma taɓa wani abu saboda shi. Jirgin Kaprun bai sake ɗaukar fasinja ba. A ƙauyen Galtür, inda zaftarewar dusar ƙanƙara ta kashe mutum 31 a Fabrairun 1999, an gina doguwar katanga tsakanin gari da dutsen, aka kuma ƙara shingayen ƙarfe a can sama inda ƙanƙarar ke taruwa. Kullum a lokacin sanyi ana fitar da sanarwar haɗarin zaftarewa daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma an ƙirga an gano cewa a mataki na 3 aka fi mutuwa, domin a nan ne mutum yake ganin kamar babu komai. Da asuba, daga ɗakina, nakan ji ƙarar nakiyar da ma'aikata suke tayarwa don su zubo da ƙanƙarar da kansu kafin a buɗe wa jama'a hanya. Mu kuwa, idan tirela ta murƙushe mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya, sai mu ce ƙarar kwana ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi jana'iza, a yi sadakar uku da ta bakwai, shi ke nan. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, kuma na san wanda kwanansa ya ƙare babu hular da za ta ƙara masa daƙiƙa. Amma addinin da ya koya mana ajali shi ne ya wajabta diyya a kan kisan kuskure, kuma ba a biyan diyya sai an tambayi ta hannun wa abin ya faru. Mun riƙe rabin karatun mun saki rabi.

Akwai rana guda da take nuna wannan tazara ƙarara, ita ce 1 ga Janairun 2009. A ranar, Dieter Althaus, shugaban gwamnatin jihar Thuringia ta Jamus a lokacin, ya yi karo da wata mata a wani filin zamiya a Ostiriya. Yana da hular kwano, ya rayu; ita ba ta da ita, ta rasu. Muƙaminsa bai hana kotu kama shi da laifin kisa ta hanyar sakaci a watan Maris na shekarar ba, aka ci shi tara, kuma daga lokacin mutane suka yi ta rububin sayen hula, yawancin jihohin Ostiriya suka wajabta ta ga yara. Yau da wuya ka ga kai tsirara a kan dutse. A wannan rana ɗin dai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa 'yan acaɓa da fasinjojinsu sanya hular kwano a Najeriya. Wasu suka kifa ƙwarya a kai don kauce wa kamu, jita-jita ta bazu cewa ana sa asiri a cikin hular, wasu suka ce tana yaɗa cutar fata, farashinta ya yi sama, bayan 'yan watanni maganar ta bi ruwa. Ban ga laifin talakan da hular ta fi ƙarfin aljihunsa ba. Laifin yana kan yadda aka kawo dokar da kamu da tara, ba a bi ta hannun malamai da masu unguwanni da shugabannin 'yan acaɓa an fahimtar da mutane cewa ƙoƙon kan mutum ba ya jure kwalta ba.

Na taɓa ganin haɗari da idona a kan dutse. Wata yarinya ta faɗi ta kasa tashi, sai na farkon da ya iso ya cire katakan ƙafarsa ya kafa su a gicciye a sama da ita, alamar da kowa ya sani cewa a kauce. Bai ɗaga ta ba, bai ba ta ruwa ba, ya lulluɓe ta da rigarsa, ya riƙe mata kai da hannu biyu don kada wuyanta ya motsa, wani kuma ya kira lamba 140 ta masu ceto a dutse. Ba a jima ba suka iso da makarar da ake ja a kan ƙanƙara, suka ɗaure mata wuya, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ta. Mutumin ba likita ba ne. Dokoki goma ne na Hukumar Wasan Zamiya ta Duniya da ake koya wa kowa tun yana yaro, kuma biyu na ƙarshe sun ce wajibi ne ka taimaki wanda ya yi haɗari, wajibi ne kuma ka tsaya ka ba da sunanka ko da shaida kawai ka yi.

Ƙanina kuwa, mota ce ta buge shi a kan babur a wata mahaɗa cikin Sabon Gari. Mutanenmu ba su da rowar taimako, nan da nan aka taru, kuma Allah ya saka musu da alheri. Sai dai wani ya kama hannu, wani ya kama ƙafa, kansa yana reto, aka naɗe shi aka cusa a keke napep. A asibitin farko an ce sai an kawo ɗan sanda kuma an ajiye kuɗi, alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili. Kafin a kai shi na biyu magariba ta yi. Likitan da ya duba shi ya gaya wa Yaya cewa ƙashin bayan ya tsage tun a bugun, amma ɗaukar da aka yi masa ce mai yiwuwa ta ƙarasa taɓa lakar.

Za a ce Ostiriya tana da kuɗi, Zariya ba ta da jirgin ɗaukar majinyata, kuma gaskiya ne. Jirgin ma a nan ba kyauta ba ne, wanda ba shi da inshora yakan biya dubban yuro. Amma abin da mutumin nan ya yi wa yarinyar kafin jirgi ya iso, ko kwabo bai ci ba. Sani ne kawai, irin wanda za a iya koyarwa cikin awa ɗaya a tashar Kwangila, a makarantun Islamiyya, a wurin 'yan agajin ƙungiyoyin addini da suke cike da gari da kakinsu, ko a huɗubar Juma'a: kada a naɗe wanda ya bugu, a riƙe kansa, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako a kwantar da shi a miƙe. Garin da yake da Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwa a Shika bai rasa masu koyar da wannan ba. Haka nan ba sai da jirgi ba kafin kowane mai unguwa ya ajiye littafi yana rubuta mahaɗar da aka yi haɗari, da lokacin, da abin da ya jawo shi, har ranar da za a iya zuwa gaban ƙaramar hukuma a ce ga kwanar da ta ci mutum kaza bana, a sa mata tudun rage gudu ko fitila.

Ƙanina yana nan da rai, a kan keken guragu, yana sayar da katin waya a zauren gidanmu, kuma shi da bakinsa yake cewa haka Allah ya rubuta. Ina amsa masa da cewa haka ne. Shekara huɗu ke nan, har yau babu wanda ya san lambar motar da ta buge shi, kuma a cikin duk waɗanda suka taru a kansa ranar, babu ko ɗaya da aka tambayi abin da ya gani.