Dalmar gyaran rediyo ba ta dace da tukunyar tatsar turare ba

Wasu masu haɗa tukunyar jan ƙarfe a gida a nan Jos, don tatsar man na'ana'a ko na ganyen bishiyar turare, suna ɗauka ko da wace dalma aka liƙe bututun ba komai, wai tururi ne kawai ke bi ta ciki. Wannan kuskure ne babba.

Wayar liƙi da masu gyaran rediyo suka saba da ita yawanci kuza ce kashi 60, dalma kashi 40. Idan tururin ya huce ya koma ruwa, yana gangarowa da zafinsa ta kan liƙin, ya kwaso dalmar kaɗan-kaɗan. Ba ta wari, ba a ganinta, sai ta taru a jiki, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi cutarwa. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

A nemi liƙin da babu dalma a cikinsa, wato kuza haɗe da ɗan jan ƙarfe ko azurfa. Tsohuwar lagiretar mota kuwa, duk arharta, kada a sanyaya tururi da ita. Sau da yawa da dalma aka liƙe ta, ga kuma ragowar ruwan sanyaya inji, wanda shi ma guba ne.