Dan Allah mu daina girgiza jarirai in suna kuka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau dai sai an yi haƙuri da ni domin raina a ɓace yake, in maganata ta yi kaushi a yafe min.

Ranar Asabar ɗin nan a gidan biki na ga wata yarinya, ba za ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ta sha kwalliya ta kafa ɗauri, ƙawaye na ta kiranta a zo a yi hoto da amarya, shi kuma jaririnta da ko wata uku bai cika ba ya ƙi yin shiru. To ina zai yi shiru, ga zafi ga hayaniya ga sifika kamar za ta tsaga dodon kunne. Kawai sai na ga ta cafko shi ta hammata ta ɗaga shi saitin fuskarta ta shiga girgiza shi da ƙarfi, kansa na zuwa gaba yana komawa baya, tana cewa wai kai me aka yi maka ne, ka ishe ni wallahi! Yaro ya yi tsit. Sai wata babbar mace a gefe, wadda a haife ta haife ta, ta ce yawwa kin gani ai ya ji magana.

Wannan ya ji maganar ita ta fi ƙona min rai. Wace magana ɗan wata biyu zai ji fisabilillahi? Shirun da jariri ke yi bayan an girgiza shi, sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ce ta bugu, jikinsa ya saki, shi ya sa ake ganin kamar barci ya kwashe shi. Mugun abin kuma shi ne tunda uwar ta ga ya yi aiki, gobe ma in ya yi kuka haka za ta sake yi.

Ku dubi jariri da kyau. Kansa kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, ga nauyi, wuyan kuma bai da ƙwarin da zai riƙe shi, sai ya kai wajen wata huɗu kafin ya iya tsayar da kai sosai. Ƙwaƙwalwar da ke ciki taushi gare ta kamar awarar da ba a soya ba, ki saka ta a kwano ki rufe ki girgiza ki buɗe ki ga yadda za ta koma. In aka girgiza yaro ƙwaƙwalwar na dukan ƙoƙon kai gaba da baya, ƙananan jijiyoyin jinin da suka haɗa ta da rufinta su tsinke, jini ya taru a cikin kai, bayan ido ma ya yi jini, ƙwaƙwalwar ta kumbura, wani ma numfashinsa ya riƙa ɗaukewa. Kuma ba sai an daɗe ana yi ba, daƙiƙu kaɗan sun isa. A waje ba ƙwarzane ba kumburi, fatarsa lumui, shi ya sa mutane ke raina abin suna cewa ai ban dake shi ba.

Wannan ai ban dake shi ba ɗin ma ba mu muka fara ta ba. Tun 1971 wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila mai suna Norman Guthkelch ya lura ana kawo jarirai da jini kwance cikin kai alhali babu alamar duka a jikinsu, ya gano girgiza su ake yi, saboda iyaye a can suna ganin girgiza ta fi mari sauƙi. Bayansa wani likitan mai suna John Caffey a Amurka ya ƙara yin rubutu a kai a 1972 da 1974. Yau sama da shekara 50 kenan duniya ta san wannan, mu kuma har yanzu ana yi a tsakar gida ana dariya. Abin da likitocin Amurka ke faɗa shi ne kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da wannan rauni ya kai su asibiti ba sa tashi, waɗanda suka rayu kuma mafi yawansu da tabo suke rayuwa, wani ya makance, wani farfaɗiya, wani gaɓoɓinsa su shanye ya kasa zama balle tafiya, wani kuma ba za a gane ba sai an sa shi makaranta a ga ba ya gane komai, a dawo ana ce masa daƙiƙi ana ƙara masa da bulala.

Mu kuma in haka ta faru mun san inda muke nufa. Kambun baka ne, iska ce ta taɓa shi, kishiya ce ta yi masa asiri, tsohuwar nan ta ƙarshen layi tun ranar suna nake ganin irin kallon da take masa. A sayar da akuya a sayar da ɗan kunne a kai wa masu magani, a ɓata zumunci, a la'anci baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba, wanda ya yi aika-aikar kuwa yana cikin ɗakin ana jajantawa da shi, wani lokacin shi kansa bai san shi ne sanadi ba. In ka matsa a ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne mun yi imani da ƙaddara, amma hannun wa aka gani a hammatar yaron?

Kuma kar maza su karanta wannan su ce da mata nake. Binciken da aka yi a ƙasashen da suke bin diddigin abin ya nuna maza sun fi yawa cikin masu yi, uba ko mijin uwa ko wanda aka bar wa yaro na ɗan lokaci. Kai da aka ce riƙe min shi in sauke tukunya, kana kallon ƙwallo a waya Arsenal ta sha ɗaya, yaro ya tsanyara kuka, ka ɗauke shi da hannuwan nan naka na ɗaukar buhu ka girgiza kana kai dalla rufe min baki! Ƙarfinka ɗaya da nasa ne? Sai ka ji wani ƙato yana cewa wai so yake yaro ya san shi tun yanzu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malam wannan karin maganar ba a kan ɗan wata biyu aka yi ta ba, wanda bai ma san hannunsa nasa ba ne wace tarbiyya za ka ba shi. Ga 'yar aiki da aka ɗauko daga ƙauye, ita kanta yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu, an bar mata shara da wanke-wanke da jariri tun safe, an kuma ce in Hajiya ta dawo ta tarar yana kuka sai ta gane kurenta, to me kike zato za ta yi masa in kin fita? Ga yayarsa 'yar shekara bakwai da aka ɗaura mata goyo ta fita wasa tana tsalle kai na reto. Ga masu girgiza yaro wai don ya shiɗe ko yana jijjiga ta zazzaɓi ana so ya farfaɗo, har da cusa masa cokali a baki, ana neman gyara ana ƙara ɓarna.

Kar wata ta tsorata, goyo da rarrashi na hankali, ki rungume shi kin tallafe kansa kina ɗan jijjiga shi a kafaɗa kina bubbuga bayansa, wannan ba ya kawo wannan ciwon, haka aka rene mu duka. Wadda nake magana ita ce ta fushi, wadda kai ke lilo ba mai tare shi. Cilla yaro sama a cafe kuwa da samari ke yi don a ɗauka a bidiyo a sa a TikTok, ni dai ban ga amfaninsa ba, ranar da hannu ya kuskure shikenan.

Abin da yawancin sabbin iyaye ba su sani ba shi ne kukan nan lokaci gare shi. Yakan fara yawa daga sati biyu, ya kai maƙura wajen sati shida zuwa wata biyu, galibi daga la'asar zuwa dare, sannan ya riƙa raguwa a wata uku zuwa huɗu. Wani yaron lafiyarsa ƙalau, ya sha nono ya ƙoshi an canja masa nafkin, amma sai ya yi awanni yana yi kin yi duk dabarar duniya ya ƙi. Ba rashin iya reno ba ne, ba kuma da gayya yake miki ba. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa aka ce, yanzu kuwa kansa yake jawo wa, daga hannun uwar ma. Na san akwai gajiya, ba barci, ba wuta ga sauro, maigida na tsaki yana cewa gobe zai fita aiki, maƙwabta a gidan haya na buga bango. Wallahi na tausaya. Amma in kin ji abin ya zo miki wuya ki kwantar da shi rigingine a inda ba zai faɗo ba, ki fita ki sha iska ki yi alwala ki dawo, ko ki miƙa wa wani. Kuka na minti goma bai kai ɓarnar girgiza ɗaya ba. Ba kuma cewa na yi a je kemis a sayo sirof a ɗura masa ya yi ta barci ba, wannan wata masifar ce da ta shigo gari, ita ma ranarta na zuwa.

Da can ina aka san mai jego ita kaɗai da jariri? Haihuwar fari gida ake tafiya wanka, kwana arba'in kaka na kanta, ga gwaggo ga inna ga matan gida, yaro na kuka kafin uwar ta motsa wata ta ce kawo shi nan ki je ki kwanta. Ɗa na kowa ne a lokacin. Yanzu kowa ya shige fulat ya ja get, ba ruwan wani da wani, in tsohuwa ta yi gyara a ce ta cika sa ido, ita tsohuwar ma wani lokacin tana can tana danna waya. An iya zaɓen kayan suna da ankon suna da mai hoto, amma ba wanda ya zaunar da yarinya ya ce mata ga abin da za ki yi ranar da ya ƙi yin shiru. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana jin kukan yaro a bayan sahu sai ya taƙaita sallah saboda tausayin uwar, mu kuma namu kukan yaro fushi yake tayar mana saboda ya katse mana hira a waya.

In kuma an riga an yi, ko kin dawo kin tarar da yaro ba yadda kika bar shi ba, ya ƙi kama nono, yana amai, jiki ya saki, barci ya ƙi ƙarewa, maɗigarsa ta taso, numfashi na sama-sama ko yana zabura, to asibiti za a nufa a take, ba wai a jira gari ya waye ko sai maigida ya dawo ba. Kuma in an je a faɗa wa likita gaskiya an girgiza shi. Wannan ƙaryar ta daga gado ya faɗo ko haka kawai muka gan shi, ita ke sa a tsaya ana neman maleriya ana ɗaura ruwa alhali jini na can na taruwa a cikin kai.