Biniam Girmay bai faɗo daga sama ba

Ranar 1 ga Yuli, 2024, a birnin Turin na Italiya, Biniam Girmay, ɗan tseren keke daga Eritrea, ya riga kowa tsallake layi a zango na uku na Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa. Tun 1903 ake wannan gasa, amma sai a ranar baƙar fatar Afirka ya fara cin zango a cikinta. Kafin a tashi ya ƙara biyu, ya kuma koma gida da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi kowa tara maki. Na yi murna ƙwarai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake ba da labarin, sai ka ce wata baiwa ce ta tsiro a inda ba a shuka komai ba.

A Asmara, babban birnin Eritrea, aka haife shi a 2000, garin da ke bisa tudu mai tsayin sama da mita 2,300, inda huhun yaro ke horuwa tun bai san ana horo ba. Turawan Italiya ne suka kai keke Eritrea zamanin mulkin mallaka, 'yan ƙasa suka karɓe shi suka mai da shi nasu, har aka fara gasar zagaya ƙasar a 1946. Akwai ƙungiyoyi, akwai tsere a kai a kai, ana rufe titi jama'a su yi dafifi suna kallo. Biniam yana ɗan shekara 15 ya ga Daniel Teklehaimanot, ɗan ƙasarsu, sanye da rigar gwanin hawan dutse a Tour de France na 2015. Yaron da ya ga haka ba ya buƙatar a lallashe shi cewa abin mai yiwuwa ne.

Daga nan hanya ta miƙe. Cibiyar horo ta hukumar kekuna ta duniya da ke Aigle a Suwizalan ta ɗauke shi a 2018, ya ci zango a Gabon a 2019, ya zo na biyu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23 a 2021. A Maris 2022 ya lashe Gent-Wevelgem a Beljiyam, tseren sanyi da iska da hanyar duwatsu, wanda a da ake ganin sai wanda ya tashi a can.

A watan Mayun shekarar, a garin Jesi, ya yi kafaɗa da kafaɗa da Mathieu van der Poel, gwanin keke ɗan ƙasar Holan, a Giro d'Italia, babbar gasar keke ta Italiya. Ƙarfin Van der Poel ya ƙare dab da layi, ya ɗaga wa Biniam babban yatsa, Biniam ya ci zangon. Mintoci kaɗan bayan haka, a dandalin karɓar kyauta, murfin kwalbar biki ya fallatsa ya same shi a idon hagu. Daga nan sai asibiti, gasar ta ƙare masa a ranar da ya kafa tarihi.

Wani zai ce ai keke mai tsada ne, ga wahalar biza, shi ya sa Afirka ke baya. Gaskiya ne, kuma matasan nahiyar da dama sun rasa gasa a Turai saboda takarda. Sai dai Eritrea ba ta fi kowa kuɗi ba. Burkina Faso ma ba ta fi mu 'yan Najeriya ba, amma tun 1987 ta kafa Tour du Faso, Ruwanda kuma ta karɓi gasar duniya a Kigali a 2025. Mu kuwa, a gasar Olamfik ta Paris, sai da Jamusawa suka ara wa Ese Ukpeseraye keke kafin ta shiga tseren cikin fili da sunan Najeriya.

Matasan da ke tuƙa keke da kaya niƙi-niƙi daga ƙauye zuwa kasuwa ba ƙarfin ƙafa suka rasa ba. Tsere suka rasa: rana tsayayya a kowane wata, titi a rufe, alƙali da agogo, da wanda zai rubuta sunan yaron da ya zo na ɗaya ya neme shi wata mai zuwa. Wannan bai fi ƙarfin ma'aikatar wasanni ta kowace jiha ba.