Mai jego baƙar fata da almakashin gwamnatin Trump

A watan Afrilun 2025, lokacin da sakataren lafiya Robert F. Kennedy Jr. ya sa wa ma'aikatar lafiya ta Amurka almakashi har ma'aikata kusan dubu 10 suka rasa aikinsu, guguwar ta kwashe wani ƙaramin rukuni a hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, wanda ba kowa ya damu da shi ba. Su ne masu kula da PRAMS, shirin da tun 1987 yake bin mata bayan sun haihu yana tambayarsu: kin je awo? Sau nawa? An auna jininki? Wa ya duba ki bayan an sallame ki? Ba a jima ba sai kasafin kuɗin 2026 da fadar White House ta gabatar ya nemi a soke Healthy Start, shirin da ke tura ma'aikatan lafiya gida-gida a unguwannin da jarirai suka fi mutuwa. Abin dariya, ba wani ɗan gurguzu ne ya kafa shi ba. George Bush babba ne, ɗan jam'iyyar Republican ta su Trump, a 1991.

Hujjar masu almakashin an san ta: kuɗin gwamnati bai kamata ya san launin fata ba, duk wani shiri da ya ambaci baƙar fata wariya ce da aka juya. Magana ce mai daɗin ji a bakin ɗan siyasa. Matsalarta ɗaya, mutuwar da ake magana a kai ta san launin fata sarai. Alƙaluman CDC na 2023 sun nuna cewa a cikin kowace haihuwa dubu 100, mata baƙaƙen fata 50 ne ke mutuwa, farare kuwa ba su kai 15 ba. Ninki uku da ɗoriya. Jariran baƙaƙen fata kuma suna mutuwa kafin su cika shekara fiye da ninki biyu na jariran farare. Hukumar da kanta ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na mace-macen da suka shafi juna biyu ana iya kauce musu. Ke nan akasarinsu sakaci ne, ko da an kira shi da wani suna.

Da an kawo waɗannan alƙaluma sai su koma wata kafa, su ce ai talauci ne, a yaƙi talauci kowa zai amfana. Wannan ce maganar da ta fi ba ni haushi, domin an daɗe da rusa ta amma ta ƙi mutuwa. Binciken CDC na shekarun 2007 zuwa 2016 ya gano cewa baƙar fata mai digiri ta fi farar fatar da ba ta gama sakandare ba haɗarin mutuwa wajen haihuwa. A California an haɗa takardun haihuwa da na haraji, sai aka ga jariran baƙaƙen fata mafiya arziki sun fi na farare mafiya talauci mutuwa. Wane talauci ne ya kama Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis baƙar fata, a 2017? Kwana ɗaya bayan an yi mata tiyata ta haihu, numfashinta ya fara sarƙewa. Ta san jikinta, ta taɓa fama da gudan jini a huhu, ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya a yi mata hoto a ba ta maganin tsinka jini. Aka ɗauka maganin kashe zafi ne ya ruɗa ta. Sai da ta nace aka duba, aka tarar da gudajin. Ita ta rayu. Shalon Irving, baƙar fata mai digirin digirgir, wadda aikinta a CDC ɗin shi ne nazarin irin wannan bambanci, ba ta rayu ba. Ta yi ta komawa asibiti da kumburi da hawan jini, ta rasu makonni uku bayan haihuwa a farkon 2017, tana da shekara 36.

Masu cewa a jini abin yake kuwa ba su cancanci dogon bayani ba. Tun 1997 wani bincike a jihar Illinois ya nuna cewa jariran matan da aka haifa a Afirka suka yi ƙaura zuwa Amurka nauyinsu ya fi kusa da na farare, ba na baƙaƙen da aka haifa a can ba. Idan jini ne, me ya sa 'yar Ghana ko 'yar Najeriya da ta sauka jiya ta tsira, wadda kakanninta suka shekara ɗari uku a ƙasar ta faɗa?

Babban kuɗin dai ba a waɗannan ƙananan shirye-shirye yake ba, yana Medicaid, inshorar lafiya ta marasa ƙarfi. Ita ke biyan kuɗin haihuwa huɗu cikin goma a Amurka, a tsakanin baƙaƙen fata kuma kusan biyu cikin uku. A da, kwana 60 bayan haihuwa ake yanke wa mace wannan tallafi, wato ta yi arba'in da makonni uku sai a ce ta warke. Alhali fiye da rabin matan da ke mutuwa suna mutuwa ne tsakanin mako guda da shekara guda bayan haihuwa, lokacin da 'yan barka sun watse: ciwon zuciya, hawan jini, jijjiga, damuwar da ke kai mace ga hallaka kanta. Dokar 2021 ta ba jihohi damar tsawaita tallafin zuwa wata 12, kuma kusan dukkansu sun karɓa, har da na 'yan Republican. Wannan ne abu mafi amfani da aka yi wa mai jego a ƙasar cikin shekaru masu yawa. Sai ga dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 za ta zaftare wa Medicaid kusan dala biliyan 900 cikin shekara goma.

Za su ce ai an cire masu juna biyu daga sharaɗin da dokar ta kawo na sai mutum yana aiki zai samu tallafin. Haka ne, an cire su a takarda. Amma asibitin karkara da ke rayuwa da kuɗin Medicaid, idan aljihunsa ya yi ƙasa, ɗakin haihuwa yake fara rufewa, domin shi ne ba ya kawo riba. Mace tana da katin inshora a jaka, naƙuda ta kama ta, asibiti mafi kusa kuma tafiyar awa guda ce ko fiye. Fiye da rabin baƙaƙen fatar Amurka a kudu suke, inda jihohi irin su Mississippi da Alabama da Texas suka ƙi faɗaɗa Medicaid ta haɗa da ƙarin marasa ƙarfi tun farko. A watan Agustan 2025 Mississippi ta ayyana dokar ta-ɓaci kan mutuwar jarirai. Jihar da ta zaɓi Trump sau uku ke nan.

Na san wani zai ce mu da Najeriya ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, ina ruwanmu da kukan Amurka? Namu ya fi muni nesa ba kusa ba, amma Amurka ba ta da uzurin rashin kuɗi ko rashin likita, ba ƙasar da ta kai ta kashe kuɗi kan lafiya. Abin da take yi zaɓi ne.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. A bar Healthy Start ya ci gaba, a mayar da masu ƙidaya na PRAMS bakin aikinsu, a sa wata 12 ta zama tilas a kowace jiha, a biya ungozomomi. Ƙudurorin kare lafiyar masu jego da ake kira Momnibus, waɗanda 'yan majalisa Lauren Underwood da Alma Adams suka fara kai wa majalisa a 2020 sun ƙunshi da yawa daga cikin wannan. A cikinsu guda ɗaya tak ya zama doka, shi ma na mata tsofaffin sojoji ne.